Kundin Biograph Ya Isa A San Bob Dylan?

Kawu: Ni dai ina nan kan bakana. Duk matashin da ya tambaye ni ta ina zai fara sauraron mawaƙin Amurka Bob Dylan, kundin waƙoƙinsa Biograph nake miƙa masa. Kamfanin Columbia ya fitar da shi a 1985, waƙa 53 a faya-fayan garmaho biyar, tun daga farkon shekarun 1960 har zuwa 1981. Wanda ya saurare shi daga farko har ƙarshe ya san mutumin.

Auta: Kawu, Allah ya huci zuciyarka, ban yarda ba. Mutumin da aka haifa a 1941, har yau yana hawa dandamali, a ce an gama saninsa da kundin da ya tsaya a 1981? Ina faifan Oh Mercy na 1989? Ina Time Out of Mind na 1997, wanda ya ci Grammy ta faifan shekara? Mu da wannan dattijuwar muryar mai kaushi muka fara jinsa.

Malama: Ni jerin waƙoƙin ne ya fi damuna. Ya buɗe da Lay Lady Lay ta 1969, nan take ya koma waƙar 1962. Sabon mai sauraro ba zai gane yadda yaron da ke kaɗa jita shi kaɗai ya ɗauki jitar lantarki a bikin waƙa na Newport na 1965 ba, har wasu masoyansa suka yi masa ihu. Wannan sauyin ne ƙashin bayan tarihinsa, kundin kuma ya cakuɗa shi.

Kawu: Malama, ai da gangan aka yi. An jera su ne bisa abin da suke magana a kai. Saurari inda aka haɗa The Times They Are a-Changin', Blowin' in the Wind, Masters of War, sannan waƙar Hattie Carroll. Baƙar mace ce mai hidima a wani otal a Baltimore, wani farar fata ɗan masu hali ya buge ta da sanda a 1963, ta rasu, kotu ta ɗaure shi wata shida kacal. Idan ka ji waƙoƙin nan a jere, sai jikinka ya yi sanyi. Babu faifai guda nasa da zai ba ka wannan.

Baban Ummi: A gaya wa juna gaskiya, kasuwanci ne. Faya-fayansa na farkon shekarun 1980 ba su yi kasuwa kamar na da ba, sai aka tattaro tsofaffi aka zuba a akwati mai tsada.

Malama: Nan kam na rabu da kai, Baban Ummi. Tun 1969 'yan bayan fage ke sayar da waƙoƙinsa da ba a fitar ba, a faifan da ake kira Great White Wonder, ko sisi ba ya shiga aljihunsa. Laifi ne don ya fitar da kayansa da hannunsa? Ba don Biograph ba, da yawancin mutane ba su ji Up to Me ba, wadda aka ɗauka lokacin haɗa faifan Blood on the Tracks aka ajiye, ko Abandoned Love, ko Caribbean Wind. Ga kuma ɗan littafin da ke ciki, inda ya zauna da ɗan jarida Cameron Crowe yana bayanin waƙoƙin da bakinsa, shi da ba ya son dogon bayani.

Kawu: To kin dawo gidana ke nan.

Malama: A'a Kawu. Na ce yana da daraja ga wanda ya riga ya san shi. Sabon shiga kuwa faifan Highway 61 Revisited zan ba shi, ya ji shi ɗungurungum yadda aka tsara.

Auta: Kuma babu waƙar Desolation Row a cikin kundin nan. Babu A Hard Rain's A-Gonna Fall, wadda mawaƙiya Patti Smith ta rera a Stockholm ranar bikin kyautar Nobel ta adabi da ya samu a 2016. Kawu, matashin da kake miƙa wa Biograph, yaushe zai ji waɗannan biyun?