Dan Allah a taimaka, Lego ɗin yarona na son tsagewa

Salamu alaikum ƴan uwa. Na sayo ma yarona Lego (ƴan tubalan roba na wasan yara da ake haɗawa) na gwanjo a babbar kasuwar Maradi, muna haɗa mota sai na cusa wani falle siriri a tsaye tsakanin ƙulli biyu na saman tubalin, ya kama gam wallahi, amma bayan sati guda wurin ya yi fari kamar zai tsage. Ance kamfanin Lego can Danmak ba su yarda da wanga haɗi ba don yana matse roba, amma wai falle mai santsin nan marar ƙulli ba laifi. To mi ne bambancin, kauri ne? Kuma wanda ya yi fari yana komawa daidai ko in haƙura? Jikka ukku fa na kashe, yaron sai kuka yake mani.