Wace kalma za mu tsayar wa "grant"? Lodi ya yi wa "tallafi" yawa

1/ Malamai masu fassara da 'yan jarida, ku matso kusa. Ina so mu tsayar da kalma guda ga abin da Turawa ke kira "grant", musamman irin wanda gwamnatoci ke bai wa ƙananan kamfanoni don su haɗa gwiwa da takwarorinsu na ƙetare a kan bincike. Kusan kowa "tallafi" yake rubutawa, ni kuma ina ganin kalmar ba ta fitar da mu.

2/ Ku duba abin da muka jibga mata. Kuɗin da gwamnatin Najeriya ta riƙa cikawa a farashin fetur, wanda aka sanar da janyewarsa ran 29 ga Mayun 2023, tallafi ne. Shinkafar da aka raba bayan janyewar, tallafi. Taki mai rahusa, tallafi. Abin da ya fi damuna shi ne har bashi ya shiga ciki. Shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 rance ne, amma a bakin jama'a ya zama "tallafin noman shinkafa". Haka rancen korona na 2020. Mutane da yawa sun karɓa da zaton ba biya, ranar da maganar biya ta taso kuwa sai rai ya ɓaci. Ban ce kalmar ce kaɗai ta jawo ba, amma da hannunta a ciki.

3/ Kafin mu raɗa suna, mu ga fuskar jaririn. Kanada ta fito da wani shiri mai suna CanExport Innovation. Tsarinsa shi ne ƙaramin kamfani ko mai bincike da ke neman ƙulla yarjejeniyar bincike da wani a waje, gwamnati ta ɗauke masa har kashi 75 cikin 100 na kuɗin da ya kashe, amma da iyakar da ba ta wucewa. Kuɗin na zirga-zirga ne da ganawa da aikin lauya da makamantansu, wato abin da zai kai mutum ga sa hannu. Ragowar kashi 25 daga aljihunsa.

4/ A Turai akwai irin wannan shiri mai suna Eurostars, ƙarƙashin ƙawancen Eureka da aka kafa a 1985. Nan dole a sami aƙalla abokan aiki biyu daga ƙasashe biyu, ƙaramin kamfani ne zai ja gaba, aikin kuma kada ya wuce wata 36. Kowace ƙasa ita ke biyan nata mutanen.

5/ To kun ga siffarsa: ba a biya, amma ba a bayarwa haka kawai. Aiki ne naka da ka riga ka tasa, ka zuba naka, sannan a ƙara maka. Sau da yawa ma sai ka kashe ka kawo rasit kafin a mayar maka.

6/ "Kyauta" ta faɗi tun a nan, domin wanda ya yi maka kyauta ba ya dawowa ya ce ina rasit. "Agaji" na wanda ambaliya ko gobara ta shafa ne, kamfanin da ke ƙera na'urar tace ruwa da abokinsa na Jamus kuwa ba gajiyayye ba ne. "Jari" ma bai yi ba, mai zuba jari yana da kaso a kamfani, gwamnati a nan ba ta karɓar komai daga hannun jarinka.

7/ Shawarata ita ce GUDUMMAWA. Dalilina: Bahaushe ba ya kai gudummawa inda ba a tasa komai ba. Mutum zai aurar da 'yarsa, ya sa rana, ya fara sayen kayan ɗaki da nasa, sannan dangi su kawo gudummawa. Ba wanda zai ɗauke masa hidimar duka, kuma kowa ya san don me ya bayar. In ya kwashi kuɗin ya sayi babur, ya ci amana ko da ba wanda ya kai shi ƙara. Wannan ma'ana ta "naka ne aikin, mu mun ƙara hannu" ita ce babu a cikin tallafi, wanda a yau ya koma nufin abin da ake bin layi a karɓa.

8/ Na san za a ce ai gudummawar biki ana rama ta. Gaskiya ne, kuma wannan ne raunin kalmar. Sai dai ramuwar ba bashi ba ce da alƙali zai tilasta. Ƙari a kan haka, shi kansa "grant" ɗin akwai mai kama da haka. Gidauniyar BIRD da Amurka da Isra'ila suka kafa a 1977 tana ba kamfanoni biyu, ɗaya daga kowace ƙasa, har rabin kuɗin aikinsu. In kayan sun shiga kasuwa sai a riƙa mayar mata daga ciniki, in aikin ya rushe ba ta bin kowa. Irin wannan sai mu ce "gudummawa mai sharaɗin ramuwa", mai karatu ya san inda ya sa ƙafa.

9/ A gefe guda, don Allah mu daina fassara "R&D" (wato "research and development") da "bincike da ci gaba". Ba ci gaban ƙasa ake nufi ba, mayar da sakamakon bincike ya zama kayan sayarwa ake nufi. "Bincike da ƙirƙira" ya fi.

10/ Ga yadda zai zauna a labari: "Gwamnatin Kanada na ba ƙananan kamfanoni gudummawar bincike, ba rance ba ce, amma kamfani zai zuba kashi 25 daga aljihunsa." Mu bar tallafi ga rangwamen farashi da rabon kayan masarufi, rance kuma mu kira shi rance ko daga hannun wa ya fito. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke fama da "subvention" ta Faransanci, ina so in ji ko gudummawa za ta zauna a kunnenku.