Me za mu kira kamfanonin jirage irin su Ryanair da Hausa?

Salam jama'a, masu fassara da ƴan jarida ku matso kusa dan Allah, akwai kalmar da ta daɗe tana ba mu wahala a labaran jiragen sama, wato abin da Turawa ke cewa low-cost airline. Kowa da yadda yake juya ta, wannan ya ce jirage masu araha, wancan ya ce masu rahusa, wani ma sai ya jawo jimla guda wai kamfanin jiragen sama mai sayar da tikiti a farashi mai sauƙi, kafin ka gama faɗa jirgin ya tashi ya bar ka. Ni dai duk ba su kwanta min ba, bari in faɗi dalili sannan in kawo tawa ku yi mata duk yadda kuka ga dama.

Matsalata da araha ita ce aljihun fasinja take kallo, alhali sunan yana magana ne kan kuɗin da kamfanin ke kashewa kafin jirgi ya tashi. Ai kowane kamfani zai iya karya farashi, amma wanda ya karya bai rage abin da yake kashewa ba to ƴan watanni ne zai rufe ofis. Su waɗannan kashe kuɗin suka fara dannewa, arahar daga baya ta biyo, kuma ba kullum ba, je ka nemi tikitinsu ana gobe tafiya ko lokacin hutun ƙarshen shekara ka ji kuɗi.

Ku duba kamfanin Southwest da ya fara tashi a 1971 a jihar Texas ta Amurka, garuruwa uku kacal yake zuwa, Dallas da Houston da San Antonio. A 1972 kuɗi ya yi musu ƙaranci har suka sayar da jirgi ɗaya cikin huɗun da suke da su, sai suka ce ukun nan dole su yi aikin huɗu, shi ne aka fito da tsarin jirgi ya sauka ya sauke mutane ya kwashi wasu ya tashi cikin minti 10. Jirgi dai in yana ƙasa ci kawai yake, kuɗin haya na tafiya, inshora na tafiya, albashi na tafiya, sai yana sama yake kawo wani abu. Sannan suka tsaya kan jirgi iri ɗaya, Boeing 737, duk matuƙinsu zai iya tuƙa kowane jirginsu, injiniya abu ɗaya ya sani ya ƙware a kai, kayan gyara ma iri ɗaya ake ajiyewa a sito.

Ryanair na ƙasar Ailan su suka ɗauki karatun nan suka kai shi inda malaman ma ba su kai ba, musamman da Turai ta gama buɗe sararin samaniyarta ga gasa a 1997. Kujera 189 suke cusawa a 737-800, sabon kuma 197, kujerar ba ta kwanciya baya, ba aljihu a bayanta don kar wani ya bar shara a ɓata lokaci wajen kwashewa, minti 25 suke ba jirgi a ƙasa. In sun ce maka Paris to sau da yawa Beauvais za su ajiye ka, wajen kilomita 85 daga birnin, wanda suke kira Frankfurt-Hahn kuwa ya kai kilomita 120 daga Frankfurt ɗin, don ƙananan filaye kuɗin saukarsu kaɗan ne kuma ba layi. Tun Nuwamban 2025 ma sun koma katin shiga jirgi na waya, na takarda sun yi sallama da shi. Da wannan ƙididdigar ta sisi da kwabo suka ɗauki fasinja miliyan 200 a shekarar kuɗinsu da ta ƙare a Maris 2025.

To wannan halin muna da sunansa ai, tsimi. Shi ya sa na ce jirgin tsimi, jam'i jiragen tsimi, kamfanin kuma kamfanin jiragen tsimi. Gajere ne, yana shiga kanun labari, kuma yana nuna wanda ke yin tsimin, wato kamfanin.

To ga martaninku ya fara shigowa. Hajiya na ga abin da kika rubuto wlh na yi dariya, wai in an ce jirgin tsimi mata za su ɗauka jirgin da ke dakon kayan gyaran amare ne. Ranki ya daɗe wancan ai da yawa tsumi ma suke ce masa, kuma tsimi da tanadi tun a makaranta aka san shi ba wanda ya taɓa ruɗewa, in mai karanta labarai ya ce kamfanin jiragen tsimi na Wizz Air na ƙasar Hangari ya rage zirga-zirga ba mai tunanin jarka.

Masu cewa jirgin talaka kuma ban bi ku ba gaskiya. A Turai har masu kuɗi da ƴan kasuwa shi suke hawa in tafiyar awa biyu ce, a nan gida kuwa wane talaka? Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, a yawancin ranaku bai sayen tikitin Kano zuwa Legas zuwa kawai ban da dawowa. Rangwame shi ma a'a, rangwame na ɗan lokaci ne, an yi na Sallah an gama an koma farashi, wannan kuwa tsarin kamfanin ne gaba ɗaya. Wanda ya ce jirgin rowa saboda ko ruwan sha sai ka biya, Allah ya shirye ka, amma ka bar mana shi na zolaya a tasha, ba zai shiga labarai ba.

Wanda ya ɗan tsayar da ni shi ne na Malam daga Maraɗi, jirgin tattali. Malam Allah ya ƙara basira, kalmar ta fi tawa daɗin ji ma, inda na tsaya kawai shi ne tattali ya riga ya manne da tattalin arziki, kuma akwai masu fassara kujerar ikonomi, wato ta gama-gari a jirgi, da shi, sai a zo ana cewa kujerar tattali a jirgin da ba na tattali ba, mai sauraro ya rasa gane kan zancen.

Akwai kalma ta biyu da dole mu nema tare da wannan, kuma ita ce ma ta fi ba ni sha'awa. Kuɗin da suke tallatawa ba kuɗin tafiya ba ne yadda muka saba, kuɗin kujera ne zalla da ƴar jakar da za ta shige ƙarƙashin kujerar gabanka. Akwati kuɗi, zaɓen wurin zama kuɗi, kana so ka zauna kusa da iyalinka kuɗi, shiga da wuri kuɗi, shayi kuɗi. Mu kuwa mun san gaya, tuwo ba miya, don haka na ce gayan tikiti, sauran abubuwan da ake bi ana karɓa kuma kuɗin miya. Kuma miyar ba ƙarama ba ce fa, wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar Ryanair daga nan yake fitowa, a kamfanin Spirit na Amurka ma ya taɓa kai kusan rabi. Wani ya ce to me ya hana a ce jirgin gaya a huta, ɗan uwa akwai Gaya a Kano akwai Gaya a jihar Dosso, za su fito su tambaye mu ina filin jirgin.

Dalilin raba kalmomin biyu shi ne inda harkar ta dosa yanzu. Manyan kamfanoni sun gano lagon, su ma sun fara sayar da gayan tikiti a kujerun baya, a Amurka Delta tun 2012, United da American a 2017, to in kuɗin ya zo kusan ɗaya wa zai bar babban kamfani mai jirage ko'ina ya bi wanda in ya soke tashi sai ka kwana biyu kana jira? Spirit ya nemi haɗewa da kamfanin JetBlue alƙali ya hana a Janairun 2024, a Nuwamban shekarar ya shigar da takardar karyewa a kotu, ya fito, ya sake komawa a Agustan 2025. Shi kansa Southwest da ya shekara da shekaru yana alfaharin akwati biyu kyauta, a Mayun 2025 ya fara karɓar kuɗin akwati bayan masu hannun jari sun matsa masa lamba. IndiGo kuma da ke riƙe da sama da kashi 60 na kasuwar cikin gida ta Indiya sai ga shi ya sa kujerun manya a gaban wasu jiragensa a ƙarshen 2024. Kenan akwai mai sayar da gayan tikiti da ba jirgin tsimi ba ne, akwai kuma jirgin tsimi da ya fara sayar da tuwo da miyarsa har da nama, kalma ɗaya ba za ta ɗauki duka ba.

Gaskiyar magana wuraren da ake matsewa sun kusa ƙarewa. Ba za ka ƙara kujera fiye da abin da hukuma ta yarda ƙofofin jirgin za su iya fitarwa in an samu matsala ba, albashin matuƙa ya hau sosai bayan korona, kuma sababbin injinan da aka ce suna rage shan mai da wajen kashi 15 su ma sun zo da nasu ciwon, a 2023 aka gano aibi a ƙarfen injinan kamfanin Pratt & Whitney aka ajiye ɗaruruwan jiragen Airbus a ƙasa ana jiran layin gyara, Wizz Air na Hangari na cikin waɗanda suka fi shan wahala, har ya nannaɗe tabarmarsa daga Abu Dhabi a Satumban 2025, cikin dalilan da ya bayar akwai zafi da ƙurar yankin da ke saurin cin injinan. Ga Tarayyar Turai ta wajabta gauraya man da ba ya gurɓata iska sosai, kashi 2 daga 2025, kashi 6 a 2030, man da ya ninka na yau da kullum tsada. Abin da ya rage musu shi ne jirgi mai tsawo don a raba kuɗin mai da na matuƙa kan mutane da yawa, shi ya sa Wizz ke zuba kujera 239 a jirgin Airbus A321neo, Ryanair kuma ya yi odar 737 MAX 10 mai kujera 228 a 2023. Doguwar tafiya kuwa ta sha kayar da su, Laker na Birtaniya ya faɗi a 1982, WOW na Aisland a 2019, Norwegian ya janye daga tsallaka teku a 2021, don a tafiyar awa takwas mai ne ke cin kuɗin kuma minti 25 ɗinka a ƙasa ba ya tsinana komai.

Masu tambaya ko muna da irinsu a nan, ƴan Umara sun san flynas da flyadeal a Saudiyya, akwai FlySafair a Afirka ta Kudu da Jambojet a Kenya duk tun 2014, a Najeriya kuma Green Africa ya fara a 2021 da ƙananan jiragen ATR masu farfela. Amma tsimi a nan da wuya, da naira kake sayar da tikiti, hayar jirgi da inshora da kayan gyara da babban gyaran da ake kai jirgi waje duk da dala, filaye da dama rana na faɗuwa an rufe, to ta ina jirgi zai yi awa 11 ko 12 a sama kamar na Turai, ga hazon hunturu ya zo ya zaunar da kowa, kuma ba wani ƙaramin fili na biyu kusa da Kano ko Abuja da za ka gudu can don sauƙin haraji. Shi ya sa kar mu riƙa liƙa wa duk kamfanin da ya yi bonanza sunan jirgin tsimi, sai an duba yadda yake tafiyar da jiragensa tukuna.

Malam na Maraɗi ya dawo ya ce ya bar tattali ya karɓi tsimi amma shi kuɗin miya bai yi masa ba a labarai, ya fi son kuɗin ƙari. Na yarda Malam, a rediyo da jarida a ce kuɗin ƙari, miyar mu bar ta a hira. Saura guda ɗaya da ban samo ba, wannan ɗan lokacin tsakanin saukar jirgi da sake tashinsa, na gwada sauke-ɗauka bai zauna a bakina ba, direbobin tasha da ƴan kamasho in kuna nan me kuke ce wa motar da ta sauke ta sake lodi nan take ta juya?