"Bashi hanji ne, yana cikin kowa": rarrashi ne ko izini?

Ɗan Aji Biyu: Assalamu alaikum. Duk abokina da zai ci bashi ta manhajar waya, kafin ya latsa sai ya ce "bashi hanji ne, yana cikin kowa". Wai dama nan ne muhallin wannan karin magana?

Malama Mai Alli: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba nan ba ne. Ana faɗa wa mai bin bashi ne idan ya tsananta, wato kada ka tozarta shi, kai ma wani na bin ka. Ko a faɗa wa wanda ake bi idan kunya ta hana shi fita. Sai abu ya riga ya faru ake faɗarta. Abokanka sun jawo ta gaba, sun mai da ita takardar izini.

'Yar Aji Huɗu: Malama, a yi mini afuwa, ban yarda duka ba. Ai hanji ba cuta ba ne, da shi ake rayuwa. Wanda ya ranta ya biya kuɗin rajista don kada ya rasa zangon karatu, shi ma laifi ya yi?

Malama Mai Alli: Ban ce laifi ba, 'yata. Amma ki tambaye shi da me zai biya, kuma yaushe. In ya tsaya sosa ƙeya, kin ji amsa.

Mai Lissafi: Ni lambobi nake so ku duba. Manhaja za ta ce kashi 10 cikin 100 a wata, ka ga kamar ba komai. In ba ka biya ba, kuma ruwan yana hawa kan ruwa, 100 za ta zama kusan 314 a wata 12. Ga dabara: raba 72 da kason ruwan, za ka ga lokacin da bashin zai ninka. A nan wata 7 ne da 'yan kwanaki. Kuɗin da aka ɓoye ma haka hauhawar farashi ke cin sa, sai dai shi ba a turo maka saƙon tuni.

Ɗan Aji Biyu: Kai, yaya! Wallahi babu wanda ya taɓa koya mana wannan.

Mai Lissafi: Ba ku kaɗai ba ne, ƙanena. A binciken da cibiyar nazarin harkokin kuɗi ta S&P ta yi a 2014 a ƙasashe sama da 140, kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya nuna ya san abubuwa irin su kuɗin ruwa da hauhawar farashi da raba jari kada a zuba shi wuri guda. Digiri ba ya fid da mutum daga sauran biyun, sai in ya zauna ya koya.

'Yar Aji Huɗu: To ashe ba mu saɓa sosai ba. Amma Malama, wanda zai fita da bashin karatu a wuyansa kafin ya ga albashin farko, shi rarrashi za a yi masa da ita, ko faɗa?