Gwamnati na da hurumin cewa dole ka sayi inshorar lafiya?

Malam Sani: Jama'a, ga matsayina, wanda yake da ja ya fito. Gwamnati ba ta da hurumin tilasta wa baligi mai hankali ya sayi inshorar lafiya a hannun kamfani mai neman riba. Ta hana ni cutar da wani, na yarda. Ta karɓi haraji ta gina asibiti, na yarda. Amma ta ce don kawai ina numfashi sai na ƙulla ciniki da ɗan kasuwa, in na ƙi ta ci ni tara, wannan ya wuce gona da iri. Abin da dokar inshorar lafiya ta shugaba Obama, wato Obamacare, ta 2010 ta yi ke nan a Amurka, har jihohi 26 suka maka gwamnatin tarayya a kotu.

Hajiya Rabi: Malam, ni aikin jinya nake yi a Amurkar, a sashen gaggawa. Bari in faɗa maka abin da idona ke gani. Za a shigo da matashi ƙarfe biyun dare, babur ya kayar da shi, ƙashin cinya ya karye, jini na zuba a ciki. Almakashi muke sawa mu yanke wandon, wani na neman jijiya, wani na kiran ɗakin tiyata. Babu mai laluba aljihunsa ya ga ko yana da katin inshora. Ko mun so ma doka ta hana: tun 1986, zamanin Reagan, duk asibitin da ke karɓar kuɗin Medicare, shirin gwamnati na biyan jinyar tsofaffi, dole ya duba wanda ya zo a halin gaggawa, ya ceto shi, ko yana da kuɗi ko ba shi da. Sai bayan kwana biyu ma'aikaciyar lissafi za ta zo bakin gado da takardu, ya ce mata ai shi bai taɓa yin inshora ba saboda lafiyarsa ƙalau. To wa zai biya? Cinikin da ka ce ba ya so, ai ya riga ya shiga, a kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka shigo da shi.

Malam Sani: Allah ya saka miki, Hajiya. Amma sai a bi shi bashi.

Hajiya Rabi: Ana bi. Ba ya iya biya. Majalisa da kanta ta rubuta a cikin dokar cewa a 2008 jinyar da aka yi wa marasa inshora ba a biya ba ta kai dala biliyan 43, kuma asibitoci na juye ta ne a kan masu inshora, har kuɗin iyali ɗaya ya ƙaru da sama da dala 1,000 a shekara. Wato ana tilasta wa wani ya biya ko ta yaya. Tambayar ita ce wa.

Alhaji Bala: Ni dai ban ga abin ɗaga jijiyar wuya ba. Inshorar mota ba dole ba ce? Wa ya taɓa kai ƙara?

Barista Aminu: Ranka ya daɗe, akwai bambanci biyu. Wanda bai son inshorar mota yana iya ajiye mota ya yi tafiyarsa a ƙasa, kuma abin da aka wajabta masa na ɓarnar da zai yi wa wani ne. Na biyu, jihohi ne ke wajabta ta, gwamnatin tarayya ba ta sa hannu. A tsarin Amurka wannan babban abu ne. Jiha tana da ikon kula da lafiya da tsaron jama'arta baki ɗaya, shi ya sa a 1905 Kotun Ƙoli ta amince wa Massachusetts ta ci tarar wanda ya ƙi rigakafin agana, kuma jihar ta wajabta inshorar lafiya tun 2006 a ƙarƙashin gwamna Mitt Romney, ɗan Republican. Ita kuwa gwamnatin tarayya sai abin da kundin tsarin mulki ya lissafa mata. Don haka lauyoyin Obama suka dogara da ikon Majalisa na tsara kasuwanci tsakanin jihohi. Kuma suna da abin riƙewa. A 1942 kotu ta tabbatar da tarar da aka ci wani manomi a Ohio, Roscoe Filburn, saboda ya noma alkama fiye da kason da aka ba shi, duk da ya ce a gonarsa zai yi amfani da ita. Hujjar ita ce, in kowa ya yi haka, farashin alkama a ƙasa zai motsa.

Malam Sani: Madalla. Amma Filburn noma ya yi, da hannunsa. Ni da nake zaune ban sayi komai ba, me na aikata da za a tsara?

Barista Aminu: Daidai abin da alƙalai biyar cikin tara na Kotun Ƙoli suka ce ke nan ranar 28 ga Yunin 2012, Malam. Alƙalin Alƙalai John Roberts ya ce ikon tsara kasuwanci bai haɗa da ikon jawo mutum cikin kasuwa ba. A lokacin sauraron ƙarar ma alƙali Scalia ya tambayi lauyan gwamnati, tunda kowa na cin abinci, shin za a iya tilasta wa mutane sayen ganyen burokoli? Mai shari'a Ruth Ginsburg ta amsa a nata ra'ayin da irin maganar Hajiya: babu wanda zai wayi gari yana buƙatar ganye cikin gaggawa a ba shi kyauta a ɗora wa maƙwabcinsa kuɗin. Sai dai kada ka yi saurin murna. Roberts ɗin nan ya juya ya haɗu da sauran huɗun ya ce dokar ta tsaya, domin kuɗin da ake karɓa haraji ne: hukumar haraji ta IRS ke karɓa, bai kai kuɗin inshorar ba, kuma wanda ya biya bai zama mai laifi ba. Biyar da huɗu.

Malam Sani: To wannan shi ne wasa da hankali. A 2009 Obama ya zauna gaban ɗan jarida George Stephanopoulos a talabijin ya ce sam ba haraji ba ne. An kai kotu, ya zama haraji. An ce gwamnati ba za ta iya umartar ka ba, amma za ta iya tatsar ka har ka bi. Ina iyakar take?

Barista Aminu: Iyakar da Roberts ya ja ita ce, in kuɗin ya yi nauyin da ba ka da zaɓi, ya tashi daga haraji ya koma horo. Ko wannan iyaka ce ta gaske, ni kaina ina da shakka, don bai faɗi inda layin yake ba. Amma a rana ɗayan alƙalai bakwai sun taka wa gwamnatin tarayya birki a wani wurin: sun ce ba za ta janye wa jiha dukan kuɗin Medicaid, shirin jinyar masu ƙaramin ƙarfi, don ta ƙi faɗaɗa shirin ba.

Lawal: Ku bar ni in sa baki, don ni aka ci tarar. Tuƙi nake yi, ni ke ɗaukar nauyin kaina, babu kamfanin da zai yi mini inshora. A 2016 na zauna na duba. Abin da nake samu ya ɗan haura inda tallafin gwamnati na sayen inshora ke da tsoka. Mafi arhar tsarin da na gani, kowane wata zan biya, sannan in ciwo ya zo sai na kashe dubban daloli daga aljihuna kafin kamfanin ya sa hannu. Na ce wannan ai biyan kuɗin laima ne da ba ta buɗewa sai an yi ambaliya. Na haƙura. Lokacin cike takardun haraji, mai yi mini lissafi ya juyo da allon kwamfuta ya nuna mini an zare tarar daga rarar da za a maido mini. A shekarar dala 695 ce ko kashi 2.5 cikin ɗari na abin da ka samu, wanda ya fi yawa. Na biya, kuma ban samu ko ƙwayar magani ba. Alƙaluman IRS sun nuna yawancin waɗanda suka biya tarar nan ba su kai dala 50,000 a shekara ba. Attajiri ai yana da inshorarsa.

Hajiya Rabi: Da ka yi haɗari a shekarar fa, Lawal?

Lawal: Da na zo hannunki, Hajiya, kuma da kin yanke mini wando.

Zainab: Yaya Lawal, ƙorafinka a kan tsada ne, kuma yana da tushe. Amma akwai abin da ba a ambata ba. Wajabcin bai zo shi kaɗai ba. Dokar ta hana kamfani ya ƙi mai ciwon suga ko wadda ta taɓa yin kansa, ta kuma hana a tsauwala musu kuɗi. Wannan ɓangaren kusan kowa na so, har masu zagin Obamacare. To in kamfani ba zai iya ƙin ka ba, mai wayo sai ya jira har likita ya ba shi mugun labari sannan ya je ya yi rajista. Masu lafiya su fice, kuɗi ya hau, wasu su ƙara ficewa. An gani a jihar Washington: sun yi irin wannan gyaran dokar inshora a 1993, aka soke wajabcin a 1995 aka bar sharaɗin karɓar kowa, kafin 1999 ta ƙare manyan kamfanoni sun daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane. Kuma tunanin ba daga 'yan gurguzu ya fito ba. Cibiyar Heritage ta masu ra'ayin riƙau ce ta kawo shi a 1989, Obama kuwa ya soki Hillary Clinton a kansa a zaɓen fid da gwani na 2008.

Malam Sani: Zainab, kin yi karatu, amma tsaya. A ƙarshen 2017 Majalisa ta mai da tarar sifiri, daga 2019. An yi ta cewa kasuwar za ta ruguje. Ta ruguje? A 2024 sama da mutum miliyan 20 suka yi rajista, adadin da ba a taɓa kaiwa ba lokacin da bulalar ke aiki. In abu ya tsaya babu tilas, ashe tilas ɗin tun farko ba dole ba ne.

Zainab: Ta tsaya ne saboda an ƙara tallafi sosai a 2021, Malam. Kuɗin tallafin daga ina? Daga harajin da ba ka da ikon ƙin biya. Kuma tarar ta Amurka dama ba ta da haƙora: doka ta hana a ɗaure mutum ko a ƙwace kadararsa a kanta. A Suwizalan, tun 1996, in ka yi wata uku ba ka yi rajista ba hukuma ce za ta zaɓa maka kamfani ta aiko maka da takardar biya. Kuma jama'ar ƙasar ne suka amince da dokar a ƙuri'ar raba gardama.

Lawal: Gaskiya ni ma sai da tallafin ya ƙaru na yi rajista. Tara ba ta kawo ni ba.

Malam Sani: To ka ji. A zo da shi da sunansa. A ce haraji ne, a kai majalisa, kowane ɗan majalisa ya ɗaga hannu mu gan shi, mu kuma mu jira shi ranar zaɓe. Wannan na yarda da shi.

Barista Aminu: Malam, ka lura da inda ka tsaya kuwa? Hanyar da ka yarda da ita babu wanda ke ja da halaccinta. Medicare tun 1965 haka take, yau ana yanke kashi 1.45 cikin ɗari na albashi babu mai tambayar ra'ayinka. Birtaniya tun 1948 da haraji take ɗaukar nauyin kowa. Amma a can gwamnati ce ke yanke wane magani za a saya da nawa za a biya likita. Wajabcin da kake yaƙa an ƙirƙire shi ne don a guje wa hakan, a bar kamfanoni da zaɓi a hannun mutane. Ka ƙi ƙaramin iko, ka buɗe wa babba ƙofa.

Malam Sani: Girman ikon bai dame ni kamar irinsa ba, Barista. Haraji tsohon iko ne, mun san shi, mun san yadda ake yaƙarsa. Ikon cewa "je ka saya wurin wane" sabo ne, kuma kamfanin da doka ta kawo masa abokin ciniki har ƙofa ba shi da dalilin rage farashi. Gobe wani zai zo da nasa kayan da kyakkyawar hujja.

Alhaji Bala: An yi sama da shekara goma tun 2010, Sani. Me kuma aka tilasta wa Amurkawa saye?

Malam Sani: Babu, Alhaji, saboda alƙalai biyar sun rufe ƙofar kasuwancin.

Hajiya Rabi: California da New Jersey da Rhode Island sun maido da tarar a matakin jiha, kuma babu kotun da ta hana su. Ni tambayata ɗaya ce, Malam, ba ka amsa ba tun ɗazu. Dokar 1986 da ta hana mu mai da yaron nan waje, ita ma tilas ce, a kan asibiti da ma'aikatansa. A soke ta?

Malam Sani: A'a, kada a soke. A biya asibitin daga baitulmali.

Zainab: Sashen gaggawa shi ne wuri mafi tsada da za a yi jinyar hawan jinin da ƙwaya za ta iya riƙewa tun shekara biyar baya. Wannan lissafin ma sai ka kai shi majalisa da sunansa, Malam.