Neman shawara: ruwan burtsatse da kifayen ado na cikin gilashi

Mai tambaya, daga Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wata uku ke nan da na ajiye ƙaramin akwatin gilashi mai cin lita 40 a falo saboda 'yata, na zuba ƙananan kifayen ado iri biyu, gofi shida da niyon tetira takwas. Ruwan rijiyar burtsatsen gidanmu nake zuba musu, wanda ba ya kumfa sosai da sabulu, kuma yana barin farin ɓawo a gindin tukunyar shayi. Takardar gwaji ta nuna pH, wato awon tsamin ruwa, ya kai 8, nauyin ruwan kuma, wato yawan gishirin ma'adanai da ya narke a cikinsa, ya kai digiri 16. Da na ji cewa tetira sun fi son ruwa mai ɗan tsami, sai na riƙa ɗiga lemun tsami, amma idan awon ya sauka zuwa 7 da dare, kafin azahar ya koma inda yake. Tetira biyar sun mutu cikin mako biyu, kuma yarinyar ce ke fara ganin su a kife a saman ruwa kafin ta tafi makaranta. Don Allah, ina kuskuren yake?

Wani malamin kimiyya, daga Jega:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka daina ɗiga lemun tsamin nan daga yau, domin a ganina hawa da saukar da awon ke yi ne ya fi cutar da kifayen. Ma'aunin pH yana tafiya daga 0 zuwa 14, 7 ne tsakiya, kuma tazarar lamba ɗaya tana nufin ninki goma, saboda haka kullum kana jefa su cikin ruwan da ya ninka tsami sau goma, sannan ya sake komawa. Farin ɓawon da kake gani a tukunya kalsiyam ne da kabonet, kuma kabonet ɗin nan shi ke shanye duk tsamin da ka zuba, shi ya sa awon yake dawowa. Gofi suna jin daɗin irin ruwanka, tsakanin 7 da 8. Tetira kuwa asalinsu ƙoramun yankin Amazon ne, inda ruwa ba shi da nauyi. Da ni ne, da na riƙe gofi, na ƙara kifin moli idan ina son wani launi.

Mai kiwon tarwada, daga Yawuri:
Malam ya yi gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne kada wani ya ba ka shawarar jefa alif ko kanwa, domin lita 40 ba ta ɗaukar irin wannan ganganci. Kifi goma sha huɗu ma sun yi wa akwatin yawa, kuma amoniya, gubar da ke fitowa daga kashinsu, ta fi dafi idan pH ya hau, ga kuma zafi. Ka rage abinci, ka riƙa canza kashi ɗaya cikin biyar na ruwan kowane mako.

Wata Hajiya, daga Argungu:
Ɗana, akwai abin da na lura da shi a nawa akwatin lokacin bazara. Ruwa yana ƙafewa da sauri a watan Afrilu, amma gishirin da ke cikinsa ba ya tafiya, saboda haka idan kana ciko da ruwan burtsatse kawai, nauyin ƙaruwa yake yi, har ka ga farin zobe a bakin gilashin. Ni da ruwan sama nake ciko, domin ba shi da nauyi, wanda na tara a baho a tsakar gida bayan an yi ruwa biyu ko uku, ban da wanda ya biyo kwano. Idan kana son ceto tetira ukun da suka rage, ka riƙa gauraya shi da na burtsatse sannu a hankali, cikin makonni. Sannan ka ciro duwatsun da ke ƙasa, ka ɗiga musu lemun tsamin nan. Wanda ya yi kumfa duk ka fitar da shi, domin kabonet ke cikinsa, yana ƙara wa ruwan nauyi.

Mai tambaya:
Na gode, Hajiya, na gode, Malamai, Allah ya saka da alheri. Na gwada yanzu, kuma fararen ɓawon katantanwa da na shimfiɗa don ado duk sun yi kumfa, na kwashe su. Kafin damina ta sauka, zan riƙe canjin lita 8 kowace Asabar, in riƙa rubuta awon a littafi.