Mambila a watan Disamba: ta ina za mu fara?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni da maiɗakina muna son mu leƙa tudun Mambila na jihar Taraba a hutun Disamba, kwana biyar. Likita ya ce in riƙa tattaki saboda hawan jini, ƙurar hunturun Kano kuma ta ishe ni. Waɗanda suka taɓa zuwa, a ba mu haske.

Usmanu Direba: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka dace da lokaci, ruwa ya ɗauke. Ku kwana a Jalingo, ku yi sammako. Bali, Serti, Mayo Selbe, daga nan hawa ya fara, hanya na murɗewa kamar maciji, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen, har ku ɓulla Maisamari. Sai Nguroje, sai Gembu, babban garin Mambila. A sa bakanike ya duba birki tun a gida, kuma kada ku yarda magariba ta riske ku a kan hawan nan. Kafin ku tashi, ku tambayi direbobin tasha labarin hanya.

Maman Sadik: Ni abu ɗaya zan faɗa wa Hajiya: kayan sanyi. Kada ta ce ai ta saba da hunturun Kano. Tudun nan ya kai wajen mita 1,600, ruwan alwalar asuba sai ka ce an fasa ƙanƙara a ciki. Masaukin da muka sauka sun rantse mana akwai ruwan zafi, ashe nufinsu tukunya a kan murhu, ita ma sai mun bi layi. Ki tafi da bargonki da safa, Hajiya.

Ɗan Auta: Haba jama'a, a je Mambila a dawo ba a hau Chappal Waddi ba? Mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi tsawo a Najeriya. Alhaji, ka ɗaure ka hau!

Malam Buba na Gembu: Ɗan Auta, kai ka hau ne, ko a Facebook ka gani?

Ɗan Auta: Ina dai shiri, Malam.

Malam Buba na Gembu: To madalla. Mu nan Gangirwal muke ce masa, kuma ba tafiyar yini ba ce. Yana kan iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991. Sai ka nemi izini a ofishinsu na Serti, su haɗa ka da masu gadin daji, ka ɗauki 'yan dako, ka kwana a tanti. Dattijo mai hawan jini, da iyali, da kwana biyar kacal, waɗanda tafiyar mota za ta cinye kaso mai yawa daga cikinsu? A'a.

Alhaji, ga abin da zan ba ka shawara. Ka ba jikinka yini guda a Gembu, ka gangara bakin kogin Donga ka ga yadda ake tsallakar da mutane da babura a kwalekwale. Dawowar hawa ce, ita za ta gaya maka ƙarfin ƙirjinka. Washegari ku tafi Kakara, gonar shayin Highland. Ku isa da sassafe, lokacin da hazo bai gama tashi daga kan ganyen ba, masu tsinka na bin layi da kwanduna a baya. Tudun ba mai tsanani ba ne, duk inda ka gaji sai ka tsaya. Ni da aka haifa a nan, har yau in na je sai na yi shiru.

In da sauran kuzari, sai dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa. Kurmi ne a kwance cikin kwari, ciyawa da shanu kewaye da shi. Akwai cimfanzi a ciki, amma kada ka sa rai, kunya gare su. Tsuntsaye dai da ƙananan birai za ka gani.

Maman Sadik: Malam ya manta da ciki! Piya da ayaba da dankalin Turawa araha kamar banza. Kindirmon can kuwa, tun da na dawo na raina na unguwarmu.

Malam Buba na Gembu: Gaskiyarki Hajiya. In kun ratsa ta ruga ku yi sallama, Fulatanci ne yaren kasuwa a nan, "useko", wato "na gode", kaɗai ma tana buɗe fuska. Kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko garkensa.

Baban Hanifa: Allah ya saka da alheri. Gangirwal na bar wa Ɗan Auta. Takalmi fa? Sau-ciki nake da shi.

Usmanu Direba: Bar shi a gida, Alhaji. Sayi kambas mai kaushin ƙasa, ka fara yawo da shi tun yanzu kada ya ci maka ƙafa a can. Ka kuma riƙe tsabar kuɗi, sabis yakan ɗauke.

Ɗan Auta: Malam Buba, 'yan dakon nan, suna ɗaukar mutum ma ko kaya kawai?